Jar Takarda a Aljihun Teburina

Ku da kuke bibiyar labarina, na san shiruna ya yi yawa. Wata har ta rubuto tana tambaya ko an yi bikin ne ba a gayyace ku ba. Ba a yi ba. Abin da ya riƙe hannuna shi ne na rasa yadda zan faɗi abin da na aikata, in kuma ci gaba da zama mutuniyar kirkin nan da kuka ɗauke ni. Yau Alhamis, ƙarfe biyu ta wuce, ina zaune a kan matakalar bayan ofis da waya a hannu. Zan faɗe shi yadda ya faru. In kun gama, ku yanke mini hukuncin da ya yi muku.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce wadda ake kira Kunne a wurin aiki. A Majalisar Dokoki ta Ƙasa nake, sashen rubuta bayanan zama. Kada sunan ya ruɗe ku. Ɗaki ne a ƙasan bene, babu taga, tebura takwas da fanka mai ƙara, kowa da abin sauraro a kunne. Duk abin da 'yan majalisa suka faɗa, a zaure ko a kwamiti, ana naɗar sa, mu kuma mu saurara mu buga shi kalma bayan kalma. Tari da hamma ne kawai ba ma rubutawa. Shekara huɗu ina wannan aiki, na san muryar kowa ko ban ga fuskarsa ba. Na san wanda zai ce "a taƙaice" sannan ya cinye minti ashirin.

Har na kai shekara sha tara ban iya rubuta sunana ba. Ni na yi jinyar Baba lokacin da sa'o'ina suke aji, har Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarsa Kawu, yayan Umma, ya sa ni gaba ya kai ni ajin manya na yamma, ya tsaya a bakin ƙofa har sai da ya ga na zauna. Shi ne kuma daga baya ya ce in gwada jarrabawar masu buga rubutu a majalisa, inda ya shekara talatin da uku yana aikin akawun kwamiti. Ku riƙe wannan. Duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, mutumin nan ne.

A ajin nan na san Malam. Lokacin yana sabon malami, siriri, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Babu komai tsakaninmu sai "ina wuni Malam" har na gama na tafi. Sai bara ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce a yi masa sallama da ni. Ƙanwata, wadda muke kira Rediyo saboda ba a san inda ake kashe ta ba, ta shigo tana cewa, "Yaya, Malamin alli ya zo karɓar aikin gida. Shekara goma, bai ɗan makara ba?" Jibi Asabar ne manyansa za su je wurin Kawu.

A bangon ajin Malam akwai wani kwali da ya zana tsani a jiki, kowane mataki da sunansa. Tsanin ƙudurin dokar ilimin manya ne, wanda shi da 'yan ƙungiyarsu suka shekara uku suna bi. Karatu na ɗaya, inda ake kiran sunan ƙudurin kawai a zaure, ko minti ɗaya ba a yi. Karatu na biyu, inda ake muhawara ko ma ana buƙatarsa. Kwamiti, inda ake bin sa sashe-sashe, a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu. Karatu na uku. Daga nan a kai shi ɗaya majalisar, ita ma ta hau tsanin tun daga ƙasa, domin majalisun biyu ne, ta Wakilai da ta Dattawa, kuma sai sun yarda da abu guda kafin a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Duk matakin da aka wuce, Malam ya sa ɗaliba ɗaya ta shafa masa jan alli.

Sassa ashirin da uku ne a ƙudurin, amma ɗaya ne ran Malam. Sashe na sha huɗu. Shi ya ce wanda ya yi karatu a ajin manya ba za a hana shi shiga kwalejin malamai ko ta jinya don ya wuce shekara talatin ba. Akwai ɗalibarsa, Maman 'yan biyu, tela ce, shekararta arba'in da ɗaya. Sau biyu tana cin jarrabawar kwalejin jinya ana mayar da ita daga bakin ƙofa saboda shekaru. Ranar sauraron jama'a ita ta yi magana, ni kuma na buga jawabinta. Sau uku na mayar da naɗin baya, ba don ban ji ba.

Dattawa suka bar sashen a ciki. Wakilai suka cire shi, wai kwalejojin sun cika. In haka ta faru, kowace majalisa sai ta ba da mutum biyar su zauna su daidaita. Abin da suka tsayar a rubuta rahoto, kowace majalisa ta amince da shi da baki, ba tare da an sake karanta shi ba. Akawun wannan kwamitin daidaitawa Kawu ne. Sun zauna Alhamis ɗin da ta wuce, saura mako guda cif wa'adin majalisa ya ƙare. Duk ƙudurin da bai kammala ba zuwa yau ya mutu. Sabuwar majalisa in ta zo, sai a koma ƙasan tsani.

Ranar Juma'a da safe naɗin zaman ya faɗo teburina. A minti na arba'in da bakwai na ji muryar Sanata mai sanda, wata dattijuwa da ta yi aikin koyarwa kafin siyasa. Ta ce, "Wanda ya makara bai yi laifi ba. A bar musu ƙofa a buɗe." Aka ɗan yi ƙus-ƙus. Shugaban zaman ya ce, "Sashe na sha huɗu, an ɗauki na Majalisar Dattawa. Akwai mai ja?" Shiru. Ya buga guduma.

Na kifa kaina a kan tebur ina hamdala. Ashe Malam ma ya riga ya ji, Sanatar da kanta ta faɗa musu a baranda. Saƙonsa ya shigo: "Ɗalibata, mun haye! Saura mataki biyu a majalisa." Haka yake kirana har yau, ɗalibata.

Da rana aka kawo mana kwafin rahoton don ajiya. A makon ƙarshe har Juma'a ana zama, kuma tun da safe an riga an ajiye shi a gaban majalisun biyu. Aikina ne in gwada shi da abin da na ji. Na buɗe shafi na sha ɗaya. "Sashe na 14: an ɗauki na Majalisar Wakilai. An cire."

Na karanta sau huɗu da yatsa a ƙarƙashin layin, kamar yadda nake karatu a shekarata ta farko.

Muna da ƙa'ida a sashenmu. Cikin kwana biyu na aiki ake kai wa kowane ɗan kwamiti bayanin zaman. In kuma mai bugawa ta ga rahoto ya saɓa da abin da aka naɗa, sai ta maƙala jar takarda a gaba, ta rubuta shafi da minti. Rahoto mai shafi arba'in ba wanda ke karanta shi a makon ƙarshe, amma jar takarda ko makaho aka miƙa wa sai ya tambayi mece ce. Shekara huɗu ban taɓa maƙala ta ba. Na zaro ɗaya na cike, na maƙala, na rungumi fayil ɗin na haura ofishin Kawu.

Na same shi ya cire takalmi yana shan shayi, gilashinsa a goshi.

"Kawu, shafi na sha ɗaya."

"Ke, ba gaisuwa?"

"Ina wuni Kawu. Shafi na sha ɗaya."

Ya sauko da gilashin ya karanta. Ya jawo ɗan littafinsa mai baƙin bango da yake shiga kowane zama da shi. "Ga shi nan. Sha huɗu, na rubuta ɗaya. Ɗaya na Wakilai ne."

"Takardar da aka raba a ɗakin, Kawu, wa ya shirya ta?"

Kofin ya tsaya a hanya bai kai bakinsa ba.

A irin wannan zama ana raba takarda mai layi uku, abin da wannan majalisa ta ce, abin da waccan ta ce, da abin da aka tsayar. Kawu duk rayuwarsa a ɓangaren Wakilai ya yi, inda layin farko kullum nasu ne. Ranar kuwa ma'aikatan Dattawa ne suka shirya takardar, suka sa nasu a farko. A cikin ɗakin daidai ya rubuta. Da ya dawo ofis sai sabo na shekara talatin da uku ya karanta masa lambar. Sassa uku ne kaɗai aka saɓa a kansu, biyun an sake musu rubutu gaba ɗaya, don haka sha huɗu ne kawai ya faɗa ramin. Mambobin kuwa sun sa hannu a shafin ƙarshe tun a ɗakin taro, kowa na sauri.

Ya cire gilashin ya ajiye. Ban taɓa lura kansa ya yi fari haka ba.

"Wa ya ji bayan ke?"

"Ba kowa."

"Tura ƙofar nan."

Na tura.

"Rahoton da aka ajiye a zaure ya bar hannuna," in ji shi a hankali. "Sai shugaban kwamiti ya miƙe gaban kowa ya nemi a janye shi, ya faɗi dalili. Dalilin kuma ni ne. Sannan a sake bugawa, a sake neman wuri a jadawalin zama, ga ƙudurori sittin a layi. Waɗanda suka cire sashen tun farko kina tsammani za su yi shiru in aka sake buɗe maganar? Sai a rasa dokar gaba ɗaya. A bar ashirin da biyun su wuce, ɗayan a gyara shi a majalisa mai zuwa."

"Shekara nawa, Kawu?"

"Biyu. Wataƙila uku."

"Maman 'yan biyu tana da arba'in da ɗaya."

"Wace ce haka?"

Ya dubi jar takardar kamar wuta ce.

"Wata huɗu ya rage in ajiye aiki. Ba a taɓa kiran sunana a zaure ba, ko da alheri." Ya turo mini fayil ɗin. "Ban ce ki yi ƙarya ba, 'yar nan. Abin da kika ji shi za ki buga. Amma ba dole ba ne ya fita ranar Litinin."

Na koma ƙasa, na buɗe aljihun teburina na ƙasa, na ɗaga sallayata da mayafin da nake ajiyewa saboda ruwan sama, na sa fayil ɗin a ƙarƙashi, na kulle. Na ce wa kaina jinkiri ne kawai. Kun ji yadda mutum ke lallashin kansa.

Ranar Asabar Umma na zaune a tsakar falo tana sa wa sababbin labule ƙugiya, masu ruwan ƙasa da zanen ganye, saboda baƙin da za a yi. Rediyo na kan kujera tana ratayawa. Umma ta aike ta kicin ba dalili, na san Kawu ya kira.

"Ni ban san karatu na ɗaya ko na goma ba," ta ce, idonta a kan labule. "Abin da na sani, ranar da aka fita da mahaifinku, wa ya tsaya?"

"Kawu."

"Wa zai zauna ya karɓi mutanen Malam?"

"Umma, mata nawa ne suke jiran…"

"Matan nan sun san sunanki? In aka kunyata shi a gidan talabijin su za su zo su ba shi haƙuri?" Ta ɗago. Ba faɗa a fuskarta, tsoro ne. "Ke mai shiru ce tun kina goye. Shirun kwana shida ne zai gagare ki?"

Na ce to. Wallahi na ce to.

Lahadi da la'asar Malam ya zo. Ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, an goge ta har tana ƙyalli, amma alli ya maƙale a gefen agogonsa. Ni na sa doguwar riga ruwan toka da ya taɓa cewa tana mayar da ni kamar alƙaliya. Rediyo ta kawo shayi da biskit ta ƙi fita.

"Malam, in dokar nan ta wuce za a sa hotonka a jikin kuɗi?"

"A'a, a jikin allo za a sa, a riƙa gogewa kullum."

"To ni dai a ƙara sashe na ashirin da huɗu, duk wanda ya shekara goma yana tunani kafin ya yi magana a ci shi tara."

Ya yi dariya har shayi ya zuba a tire. Da ta fita ya rage murya.

"Kin ga rahoton?"

"An kawo mana."

"Komai lafiya?"

Na ɗauki tsumma ina goge tiren da ya riga ya bushe. "Ka san ba na maganar aiki."

"Na sani. Shi ya sa na yarda da ke." Ya gyara zama. "Kin san abin da nake gaya wa sababbin ɗalibai? Ina ce musu akwai wadda ta zauna a bencin nan ba ta san alif ba, yau ita ke rubuta wa ƙasa abin da aka faɗa, kuma ba a taɓa samun ta da ƙarin kalma ɗaya ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin shugabar sashenmu, wadda muke kira Hajiya Agogo, ta tsaya a kaina da littafin aika takardu.

"Kunne, na kwamitin daidaitawa fa? Yau ne kwana biyu."

"Naɗin bai fita sosai ba, Hajiya. Ina sake bi."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Ke? To." Ta wuce. Ba ta ko duba ba, don ni ce. Wannan ce ƙaryar farko da na yi da bakina, daga nan na daina ce wa abin jinkiri.

Jiya Laraba Wakilai suka ɗauki rahoton. Ni aka ba zaman kai tsaye. Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, zaure ya amsa. Masu ja su ce a'a, ba kowa. Guduma. Daƙiƙa goma sha ɗaya, na duba. Da yatsuna na buga "an amince", gwiwata tana jingine da aljihun tebur ɗin.

Saƙon Malam ya shigo: "Saura ɗaya! Ki biyo ta aji in kin tashi, ɗalibai na son ganinki."

Da na san abin da zan tarar da ban je ba. Ko kuma da na je tun Juma'a.

Ajin na nan yadda na bar shi, benci shida, taga mai karyayyen gilashi an toshe da kwali. An shafa jan alli a matakin Wakilai. Maman 'yan biyu ta kamo hannuna ta ja ni gefe, abin awo na rataye a wuyanta, ta buɗe jakarta ta zaro 'yar ambulan.

"Duba mini, 'yar'uwa, ke da kika san aikin gwamnati. Sun yi?"

Ƙananan hotuna ne guda takwas na takardar neman shiga kwaleji. Ta sa farin mayafi, ta haɗe fuska kamar mai shirin yin allura.

"Mai hoton ya ce in yi murmushi, na ce a'a, ma'aikaciyar jinya ba ta wasa. 'Yan biyu suna ta yi mini dariya, wai za mu riƙa rigimar fitila da su lokacin jarrabawa." Ta mayar da su a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kada su lanƙwashe. "Na ma yanka farin yadi. Ban ɗinka ba dai, kada a ce na yi gaggawa. Gobe Malam zai kai mu mu ga yadda za a buga gudumar."

Na ce sun yi kyau. Na fita ban yi wa Malam sallama ba. A motar haya wata mata ta miƙo mini hankici ba ta tambaye ni komai ba.

Yau ƙarfe takwas na buɗe aljihun tebur. Fayil ɗin ya ɗauki ƙanshin turaren mayafina. Ban wuce kai tsaye ba, sai da na haura wurin Kawu. Yana tsaye yana jera takardu.

"Kawu, zan kai."

Bai juyo ba. "Wakilai sun riga sun amince jiya. Kin san abin da hakan ke nufi? Sai su ma sun warware nasu. Yau. Rabinsu sun haɗa jaka."

"Na sani. Da na kai Litinin da ba haka ba."

"In dokar ta mutu gaba ɗaya fa?"

"Ban sani ba, Kawu. Amma ba ni ce zan zaɓa musu ba, ba kai ba ne kuma. Su goma suka zauna suka ce a bar shi."

Sai a lokacin ya juyo. "Ni na kai ki makaranta."

"Shi ya sa. Da ba ka kai ni ba, da ban iya karanta shafi na sha ɗaya ba."

Ya zauna a kujera kamar an zare masa ƙashi. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, "A littafin aikawa akwai wurin ranar da aka gama bugawa. Ki sa yau. Ki ce naɗin ne ya ba ki wahala. Kuskuren nawa ne, kada ki haɗa da kanki."

Ku gaya mini, yaya ake yi da mutum irin wannan?

Na sauka wurin Hajiya Agogo na buɗe littafin. Ranar aikawa, Alhamis. Ranar gamawa, na riƙe biro ya fi minti ɗaya. Na rubuta Juma'a. Ta karanta, ta ga jar takardar, ta sake karantawa.

"Kin san abin da kika rubuta?"

"Na sani, Hajiya."

"Za mu yi magana. Yanzu ruga, sha ɗaya Dattawa za su shiga."

Kwafi goma, ofis goma, hawa uku. Na Sanata mai sanda na fara kaiwa. Na same ta a bakin ƙofa za ta fita. Ta karɓa, ta nisanta takardar daga idonta, ta karanta, ta dubi ranar da ke jiki, sannan ta dube ni.

"Tun Juma'a, 'yata?"

"E, ranki ya daɗe."

Ta juya ta nufi zaure. Na gwammace ta ɗaga sandar.

Sauran a kunne na ji shi, a ɗakinmu na ƙasa. An kira rahoton ƙarfe sha biyu da kwata. Kafin shugaban majalisa ya nemi a amince da shi da baki na ji ƙwas, ƙwas, sandarta a kan katako. Ta karanta shafi na sha ɗaya, ta karanta minti na arba'in da bakwai. Zaure ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce a wuce kawai, lokaci ya ƙure. Wani ya ce a kira akawun. Na ji an ambaci sunan Kawu a lasifika, karo na farko cikin shekara talatin da uku, kuma ni na buga shi da hannuna. A ƙarshe aka jingine rahoton zuwa zaman ƙarfe huɗu, aka aika wa Wakilai saƙo. In sun taru sun warware na jiya, sashe na sha huɗu ya dawo. In ba su kai adadin da ake buƙata ba, duka ashirin da ukun sun tafi, kuma kwana shidan da na ci su ne suka cinye su.

Kiran Umma bakwai na gani. Rediyo ta rubuto, "Yaya me kika yi? Umma ta sauke labulen." Kawu bai kira ba.

Sai saƙon Malam, daga wurin 'yan kallo a saman zaure. "Ɗalibata, kin ji abin da ya faru? Wai kuskure aka yi a rahoto. Allah ya saka wa wanda ya gano. Kin san wani abu?"

Na rubuta amsa huɗu na goge. Da na ce "ni ce na gano" da ban yi ƙarya ba, kuma da ya ɗauke ni a ka har Asabar. Abin da na tura shi ne: "Ni na gano. Tun Juma'a na sani. Na ɓoye saboda Kawu. Ranar Lahadi da ka tambaye ni, takardar na kulle a teburina."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Minti ashirin da biyar ina kallon wayar nan, har na fito matakala na fara rubuta muku don hannuna ya sami abin yi.

Yanzun nan amsar ta shigo. Babu ɗalibata a ciki.

"Maman 'yan biyu na tambaya ko ta tafi gida ko ta jira ƙarfe huɗu. Me zan ce mata?"

Na ce kada ya ce mata komai, ni zan zo in faɗa mata da bakina, tun daga Juma'a har hotunan da na ce sun yi kyau.

Shekara huɗu ina jin zauren nan a kunne, ban taɓa hawa na gan shi ba. Matakala arba'in da biyu ce daga inda nake zuwa inda suke zaune. Ga ƙararrawar kiran Wakilai can ta fara kaɗawa, kuma daga nan ina jin takun masu shiga. Ina ƙirgawa. Ba su da yawa tukuna.